Guguwar da ke Tashi a Saman Jajaye da Tsakar Dare: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk farantin setilayit da aka kafa a kan rufin kwano ko a ƙofar gidan kallon ƙwallo, daga Jajaye zuwa Rogo har Ƙaraye a jihar Kano, wuri ɗaya yake fuskanta dare da rana. Mai saitawa ya ɗaure kusoshi ya tafi, ba a sake nemansa sai iskar damina ta karkatar da farantin. Dalilin haka shi ne tauraron ɗan'adam da farantin ke kallo yana can nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, inda saurin zagayensa ya zo daidai da juyawar ƙasa, don haka ga wanda ke ƙasa a tsaye yake cik. Wannan falaki ba baƙonmu ba ne. Ranar 23 ga Agusta 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta wayar tarho da Shugaban Amurka John Kennedy ta kan Syncom 2, tauraron sadarwa na farko da ya yi aiki a irin wannan nisa.

Mutane da yawa sun ɗauka wurin nan fayau yake, babu komai sai duhu da sanyi. Alhali kusan kowace rana, wani lokaci sau uku ko huɗu, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki kan yi ambaliya su afka wa wannan falaki ta ɓangaren dare, cikin 'yan mintoci, sannan su rabu biyu: wasu su nufi gabas, wasu su nufi yamma, su yi ta kewaya duniya. Masana na kiran abin da ke haddasa haka ƙaramar guguwar maganaɗisu. Ba a jin ta, ba ta kaɗa ganye ko ɗaya a gonar masara, amma tana taɓa na'urorin da muke dogaro da su, kuma ƙasar Rogo da Ƙaraye na daga cikin wuraren da suka fi dacewa a duniya a auna wani ɓangare na tasirinta.

Garkuwa da wutsiya

Duniya babban maganaɗisu ce. Narkakken ƙarfen da ke motsi a can cikin cikinta shi ke haifar da ƙarfin da ke juya allurar kamfas, irin wadda ake neman alƙibla da ita. Wannan ƙarfi bai tsaya a doron ƙasa ba. Layukansa na fita daga kusa da ƙuryar kudu, su yi lanƙwasa ta sararin samaniya, su shiga ta kusa da ƙuryar arewa.

Ita kuma rana, bayan haske da zafi, tana fitar da wata iska ta ƙwayoyin zarra da suka rabu da juna, wato furoton mai caji na ƙari da ilektoron mai caji na ragi. Iskar rana kan yi gudun kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya a ranakun da take kwance, ta share kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana cikin kwana huɗu ko makamancin haka. Eugene Parker ne ya yi hasashenta da lissafi a 1958, jiragen sama jannati suka tabbatar bayan 'yan shekaru.

Idan ta iso, maganaɗisun duniya yana tare ta. A ɓangaren da ke fuskantar rana iskar tana matse shi har iyakarsa ta tsaya a nisan kusan kilomita 65,000. A ɓangaren dare kuwa tana ja shi ya miƙe ya zama doguwar wutsiya da ta wuce wata nesa ba kusa ba. Duk wannan fili da maganaɗisun duniya ke mulki shi ne garkuwarmu. Kowane dare, idan rana ta koma bayan ƙasa, mutumin Jajaye da ya ɗaga kai sama yana kallon cikin wutsiyar ne, ko da yake ido ba ya ganin ta.

Garkuwar tana da ƙofa. Iskar rana na tafe da nata maganaɗisun, kuma alƙiblarsa na sauyawa koyaushe. A 1961 wani masani ɗan Ingila, James Dungey, ya nuna cewa idan maganaɗisun iskar ya juya kudu, ya yi hannun riga da na duniya, layukan biyu kan tsinke su ɗaure da juna a gaban garkuwar. Daga nan iskar ta ja waɗannan layuka ta ƙetare da su saman ƙuryoyin duniya ta jibge su a wutsiya. Ƙarfi ya fara taruwa ke nan.

Yadda abin ke ɓallewa

Duk wanda ya yi harbin tsuntsu da danƙo yana yaro ya san yadda abin yake: ka ja, ka ja, robar ta miƙe ta yi siriri, sannan ka saki, dutse ya tafi. Haka wutsiyar take yi. Na tsawon rabin awa zuwa awa ɗaya layukan maganaɗisu na ɓangaren dare suna miƙewa, tsakiyar wutsiyar tana sirancewa. Tauraron ɗan'adam da ke wurin a lokacin kan ga ƙwayoyin da ke kewaye da shi sun ragu ƙwarai, wani lokaci har su ɓace. Wannan shirun shi ne alamar cewa abu na tafe.

Sai a wani wuri cikin wutsiyar, nisan kilomita 130,000 zuwa 190,000 daga duniya, layukan da suka matsu su tsinke su sake ɗaurewa. Guntun da ke can baya ya fice ya bi iskar rana. Guntun da ke manne da duniya ya tsuke ya dawo gida a guje, yana turo iskar gas mai caji da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. A daidai wannan lokaci hasken nan mai launin kore da ja da ke bayyana a samaniyar ƙasashen ƙuryar arewa da ta kudu yakan ɓarke ya cika sama, kuma wutar lantarki mai ƙarfin amfiya kusan miliyan ɗaya ta gangaro ta bi saman iskar waɗannan ƙasashe. Tashin hankalin kan ɗauki minti goma zuwa talatin, lafawarsa awa ɗaya ko biyu. Gaba ɗaya dai awa biyu zuwa uku, sai komai ya koma yadda yake, a fara sabon tari.

Wani masani ɗan Norwe, Kristian Birkeland, ya lura da girgizar da abin ke yi wa allurar maganaɗisu tun farkon ƙarni na 20. Amma wanda ya tsara matakan daki-daki shi ne Syun-Ichi Akasofu, ɗan Japan da ke aiki a Alaska, a 1964, bayan ya bi hotunan samaniya masu ɗimbin yawa da aka ɗauka daga tashoshi daban-daban. An yi shekaru ana jayayya kan inda abin ke farawa, kusa da duniya ko can cikin wutsiya. Saboda wannan tambaya hukumar NASA ta harba taurari biyar a roka ɗaya ranar 17 ga Fabrairu 2007, aikin da aka sa wa suna THEMIS, aka jera su a wutsiyar. Abin da suka gani ranar 26 ga Fabrairu 2008 ya nuna tsinkewar layuka a can baya ce ta riga, hasken ƙurya ya biyo bayanta. Har yau akwai masu ganin ba kowace guguwa ce ke bin wannan tsari ba, kuma muhawarar na da amfani.

Akwai wani abin da ya shafe mu a nan. Layin maganaɗisun da ya ratsa falakin taurarin sadarwa a saman Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ƙafarsa ta arewa tana sauka ne a wajajen tekun da ke yamma da arewacin Norwe. A lokacin hunturu agogon Norwe da namu ɗaya ne. Saboda haka idan masu yawon buɗe ido a garin Tromso na Norwe suna ihun murnar ganin sama ta kama da haske wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a wannan lokacin ne taurarin da ke saman yankinmu ke shan ruwan ƙwayoyi.

Daga ina ƙwayoyin ke samun wannan ƙarfi?

Ƙwayoyin da ke zaune a tsakiyar wutsiya ba su da wani ƙarfi mai yawa. Ana auna ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi ne da yawan bolt ɗin da zai iya tunkuɗa su zuwa wannan gudu. Ilektoron na wutsiya yana da na bolt ɗaruruwa zuwa dubu ɗaya ko biyu. Bayan guguwa ta watso shi cikin falakin taurarin sadarwa, sai a same shi da na bolt dubu 30, dubu 100, har dubu 300. Wutar gidajenmu bolt 230 ce.

Abu biyu ne ke ƙara masa ƙarfi. Na farko, duk ƙwayar da ke da caji tana juyawa ne a kewayen layin maganaɗisu, kuma idan aka ɗauke ta da sauri daga inda maganaɗisu ke da rauni aka kai ta inda yake da ƙarfi, juyawar tata na ƙaruwa daidai gwargwado. Maganaɗisun kusa da duniya ya ninka na wutsiya sau da yawa. Na biyu, ƙwayar na kai da komo a kan layin tsakanin arewa da kudu, kuma idan layin ya gajarce saboda tsukewa, kai-komon na ƙara sauri. Duka biyun na faruwa cikin mintoci kaɗan.

Taurarin ATS na Amurka ne suka fara nuna wannan a sarari. A 1971 Sherman DeForest da Carl McIlwain suka wallafa abin da ATS-5 ya gani: gajimaren ƙwayoyi masu zafi da ke bayyana kwatsam wajen tsakar dare duk lokacin da guguwa ta tashi. Tun daga 1976 kuma cibiyar bincike ta Los Alamos ke ɗora na'urorin ƙidayar ƙwayoyi a kan taurari da dama da ke kewaye da duniya a wannan falaki, kuma yawancin abin da aka sani game da yadda ambaliyar ke yaɗuwa daga nan ya fito.

Wasu gabas, wasu yamma

A ganina nan ne abin ya fi ban sha'awa, domin lissafinsa mai sauƙi ne, kuma sama na bin lissafin sau da ƙafa.

Ƙwayar da maganaɗisun duniya ya kama tana yin motsi uku a lokaci guda. Ɗauki ilektoron mai ƙarfin bolt dubu 100 a falakin taurarin sadarwa. Gudunsa ya haura rabin gudun haske. Yana juyawa a kewayen layin maganaɗisu sau dubu biyu da wani abu a daƙiƙa ɗaya. Yana tafiya arewa, inda layuka suka matsu su mayar da shi, ya tafi kudu a sake mayar da shi, zuwa da dawowa cikin daƙiƙa ɗaya. Motsi na uku shi ne mai jinkiri: yana gusawa gefe a hankali har ya kewaye duniya baki ɗaya.

Me ke kawo gusawar? Da'irar da ƙwayar ke yi tana da gefe biyu, ɗaya ya fi kusa da duniya, ɗaya ya fi nisa. A gefen kusa maganaɗisu ya fi ƙarfi, sai kwanar ta matse. A gefen nesa ya fi rauni, sai kwanar ta buɗe. Da'irar da rabinta matsattse ne rabinta buɗaɗɗe ba za ta rufe a inda ta fara ba. Kowane zagaye sai ƙwayar ta ɗan matsa gefe. Lanƙwasar layukan ma na ƙara tura ta ta wannan gefen. To, da yake ilektoron da furoton cajinsu kishiyar juna ne, juyawarsu ma kishiya ce, gusawarsu ma haka. Ilektoron ya yi gabas, furoton ya yi yamma.

Mu sa shi a taswira. A ce guguwa ta watso ƙwayoyi lokacin da tsakar dare ke kan Najeriya. Ilektoron zai bi ta saman Afirka ta Gabas, ya ƙetare tekun Indiya, ya nufi inda asuba ke yi a lokacin. Furoton zai bi ta saman tekun Atilantika, ya wuce Barazil, ya nufi inda magariba ke yi. Kewayen wannan falaki kilomita 265,000 ne. Mai ƙarfin bolt dubu 100 yana gama shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Mai rabin wannan ƙarfi sai ya yi sama da awa biyu. Mai ƙarfin bolt miliyan ɗaya kuwa kimanin minti goma ya ishe shi.

Wannan bambancin gudu ya zama wa masana abin aiki. Tauraron da ke daidai inda aka watso ƙwayoyin yana ganin masu ƙarfi da marasa ƙarfi sun iso tare, lokaci guda. Tauraron da ke nesa, a ɓangaren hantsi misali, masu ƙarfi ne za su fara isa gare shi, matsakaita su biyo, raunana su zo daga baya. Daga tazarar da ke tsakanin isowarsu ana iya lissafawa a koma baya a gano wuri da mintin da aka watso su, ko da babu na'ura a wurin. Wani lokaci ma tauraro ɗaya kan ga gungun nan ya wuce, bayan awa guda ya sake ganin sa ya dawo ta ɗaya gefen bayan ya kewaye duniya, sau biyu, sau uku, kowane zuwa ya fi na baya bazuwa, har ya narke cikin sauran.

Caji na ƙari da ke tafiya yamma da caji na ragi da ke tafiya gabas, a lissafin lantarki duk abu ɗaya suke haifarwa: wutar da ke gudana yamma, zobe guda a kewayen duniya. Wannan zoben wuta yana rage ƙarfin maganaɗisun da ake aunawa a doron ƙasa, musamman a ƙasashen da ke tsakiyar duniya irin tamu. Ƙaramar guguwa ɗaya ba ta cika zoben sosai. Amma idan rana ta yi aman wuta, maganaɗisun iskarta ya tsaya yana kallon kudu na awanni da yawa, ƙwayoyi su yi ta kwarara ciki babu ƙaƙƙautawa, sai a sami babbar guguwa, kuma a irin wannan lokaci har iskar oksijin ta saman duniyarmu kan tashi ta shiga zoben. Ana auna ƙarfin zoben da tashoshi huɗu: Hermanus a Afirka ta Kudu, Kakioka a Japan, Honolulu, da San Juan, a haɗa alƙaluman a Kyoto. Ƙarfin maganaɗisu a arewacin Najeriya ya ɗan haura nanotesla dubu 30. A babbar guguwar 10 da 11 ga Mayu 2024 zoben ya rage kimanin 400 daga ma'aunin duniya. Adadin ƙarami ne a ido, amma rabon da a ga irinsa tun 2003.

Abin da taurarin ɗan'adam ke sha

Ilektoron ya fi furoton sauƙi sau 1,836, don haka ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Idan gajimaren ƙwayoyi masu zafi ya lulluɓe tauraro, ilektoron ne ke rigan sauka a jikinsa da yawa, sai jikin ya tara caji na ragi. Gefen da rana ke haskawa yana zubar da nasa cajin, gefen inuwa yana riƙewa. Bambancin ya yi ta hawa har tartsatsi ya tashi tsakanin ɓangarori biyu. An auna bolt dubu 19 a jikin tauraron ATS-6 lokacin da ya shiga inuwar duniya. Tartsatsin na iya ba kwamfutar tauraro umarnin ƙarya, ko ya ƙona wata waya a faifan da ke tara hasken rana.

Da injiniyoyi suka tattara lokutan da taurari ke samun irin wannan tangarɗa, suka ga yawancinsu na faɗawa tsakanin tsakar dare da asubar wurin da tauraron yake. Hanyar ilektoron ke nan, daga tsakar dare ya yi gabas. Tauraronmu na sadarwa, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin ranar 19 ga Disamba 2011, an ajiye shi a digiri 42.5 gabas, saitin gaɓar kudancin Somaliya. Tsakar darensa kan zo wajen ƙarfe goma na darenmu, asubarsa wajen ƙarfe huɗu. Waɗannan awanni shida su ne lokacin da ya fi fuskantar wannan haɗari. Watannin Maris da Satumba sun fi tsanani, domin a lokacin ne taurarin falakin ke shiga inuwar duniya kowane dare, har na minti 72 a rana mafi tsawo, kuma a lokacin ne guguwar maganaɗisu ta fi yawaita.

Misalin da aka fi ambata shi ne Galaxy 15 na kamfanin Intelsat. Ranar 5 ga Afrilu 2010, jim kaɗan bayan tsakar daren wurin da yake a saman tekun Pasifik, wata ƙaƙƙarfar guguwa ta watso ƙwayoyi, tauraron ya daina karɓar umarni daga ƙasa. Bai mutu ba. Ya ci gaba da watsa sigina yana sulalewa gabas, yana barazanar shiga hurumin wasu taurari, har ƙarshen Disamba na shekarar, lokacin da batirinsa ya ƙare ya sake tashi da kansa. Binciken kamfanin ya ɗora laifin a kan tartsatsin caji da ya rikita manhajar na'urar karɓar umarni.

Akwai illa ta biyu mai zuwa a makare. Ilektoron ɗin da aka watso suna tayar da wasu igiyoyin rediyo a ɓangaren asuba. Igiyoyin na ture wasu ilektoron su faɗa saman iskar ƙuryoyin duniya, abin da tauraron Arase na Japan ya gani kai tsaye aka wallafa a 2018. Wasu kuma igiyoyin na ƙara musu ƙarfi a hankali, cikin kwana ɗaya ko biyu, har su kai bolt miliyoyi su cika ɗamarar waje daga cikin ɗamaru biyu da James Van Allen ya gano a 1958. Irin waɗannan suna huda bangon tauraro su maƙale a cikin robar wayoyi. Su aka ɗora wa alhakin abin da ya sami Anik E1 da Anik E2 na Kanada a Janairu 1994, inda talabijin da tarho suka yanke a sassan ƙasar, aka yi watanni kafin a dawo da na biyun bakin aiki. Taurari biyu na NASA masu sunan Van Allen sun yi daga 2012 zuwa 2019 suna bin diddigin wannan sarƙa.

Ya kamata a faɗi abin da ba laifin guguwa ba ne, don kada a ɗora mata kayan wani. Ƙwayoyin nan ba sa isowa ƙasa. Iskar da ke lulluɓe da mu ta tare su, kuma yankinmu na cikin wuraren da maganaɗisu ya fi karewa a duk duniya. Ba sa kawo ciwo, ba sa hana ruwan sama, ba sa ƙara zafin bazara. Hoton talabijin da ke daskarewa lokacin hadari, ruwan sama ne ke shanye siginar. Yankewar 'yan mintoci da rana a wasu kwanaki na shekara, rana ce ta tsaya daidai bayan tauraron. NigComSat-1 na farko da ya lalace a Nuwamba 2008, matsalar faifan tara hasken rana ce aka bayyana. Faɗuwar babban layin wutar ƙasa da muke fama da ita ma tana da dalilanta a nan ƙasa, duk da cewa babbar guguwa ta taɓa jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na awa tara a Maris 1989, ta kuma lalata wasu manyan taransifoma a Afirka ta Kudu a ƙarshen 2003.

Abin da ƙasar Rogo ke da shi

Idan aka rataye allurar maganaɗisu yadda za ta iya sunkuyawa, a Ingila kanta zai duƙa ƙasa sosai, a Legas zai ɗan ɗaga sama. Akwai layin da ya kewaye duniya inda allurar ke kwanciya daidai, ba sama ba ƙasa. A Afirka wannan layi bai bi tsakiyar duniya na taswira ba. Ya hauro arewa, ya ratsa Mali da arewacin Najeriya da Habasha. A Najeriya yana wucewa ne ta wajajen Zariya da kudu maso yammacin jihar Kano, wato Rogo, da Jajaye a cikinta, da Ƙaraye duk suna dab da shi.

A saman wannan layi, tsayin kilomita 105 ko kusa da haka, akwai wata wutar lantarki da ke gudana gabas kowace rana daga hantsi zuwa la'asar, a wata siririyar hanya mai faɗin kilomita 600. An fara lura da ita a tashar Huancayo ta ƙasar Peru, Sydney Chapman ya yi bayaninta a 1951. Najeriya ta yi suna a bincikenta. Farfesa Cyril Onwumechili ya fara aikinsa a kanta a Ibadan tun shekarun 1950, ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1997. Rosemary Hutton, 'yar Sikotilan, ta zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1963 ta yi aikin auna maganaɗisu a Zariya kafin ta koma Ibadan. 

Dangantakar wannan wuta da guguwar wutsiya ita ce: wutar saman namu tana amsa abin da ke faruwa a ƙuryoyin duniya kusan nan take. Idan guguwa ta ɓalle a ɓangaren dare alhali rana na tsaka a Kano, ƙarfin lantarkin da ya sauya a can yakan zubo har tsakiyar duniya, ya ƙara wa wutar saman namu ƙarfi, ko ya raunana ta, wani lokaci ya juya ta ta koma yamma. Akwai kuma wata 'yar girgiza ta maganaɗisu, mai bugawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 40 zuwa 150, da ke tashi daidai farkon guguwa, masana na amfani da ita wajen sanin mintin da abin ya fara, kuma da rana tana fitowa da ƙarfi a kan wannan layi fiye da gefensa. Irin wannan sauyi na lantarki yana shafar kumfar da ke tasowa a saman iskarmu bayan magariba, wadda ke rikita siginar GPS da masu safiyo da jiragen sama ke aiki da ita. A guguwar Mayu 2024 manoma a tsakiyar Amurka sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun kauce layi.

Na'urorin auna maganaɗisu da Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa a Najeriya tare da masananmu an sa su ne a Legas da Ilorin da Abuja, duk a kudu da layin. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar binciken iska a Anyigba ta jihar Kogi mai kula da wannan fanni. Afirka ta Kudu kuwa ta buɗe cibiyar sa ido ta dare da rana a Hermanus a 2022. Gargaɗin da duk waɗannan ke dogaro da shi yana zuwa daga taurarin da ke tsaye nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi ta wajen rana, waɗanda ke ganin iskar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ta iso. Suna iya cewa ƙarfi na taruwa a wutsiya. Mintin da za ta ɓalle kuwa sai an auna shi a lokacin da ya faru, kuma tashoshin ƙasa na daga cikin masu yin wannan aiki.

Ra'ayina shi ne ya dace a ce akwai irin wannan tasha a ƙasar Rogo ko Ƙaraye, ƙarƙashin kulawar sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, waɗanda duk ba su da nisa. Na'urar ba ta son birni. Motoci, manyan wayoyin wuta, janareta da tulin ƙarfe duk suna ɓata mata awo, don haka ƙauye mai nisa da babban titi ya fi mata tsakiyar Kano. Abin da take bukata ɗan fili ne da za a binne ta a rami don kada zafin rana ya dame ta, faifan sola da batir, layin waya da zai aika alƙaluma, da mutum amintacce a garin da zai riƙa duba ta yana share ƙurar hunturu daga kan faifan. Ɗaliban sakandaren yankin da ke karanta fiziks za su iya ganin layin awon yana hawa da hantsi yana sauka da yamma, su kuma gwada ranakun da ya karkace da rahoton da tashar Kyoto ke fitarwa kyauta a intanet.